Daga Staaken Zuwa Krakow: Kan Sawun Ƙaton Jirgin Yaƙin Jamus

Unguwar Staaken tana can gefen yammacin Berlin, a gundumar Spandau, kuma wanda ya sauka a cikinta yau ba zai ga alamar cewa a nan kamfanin Zeppelin ya riƙa ƙera manyan jiragen sama masu jefa bama-bamai tun daga shekarar 1916, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba. Filin jirgin ya daɗe da daina aiki. Abin da ya kai ni shi ne gayyatar wani dattijo mai sha'awar haɗa ƙananan samfuran jirage, wanda ya yi alkawarin nuna mini samfurin ɗaya daga cikin jiragen nan, mai suna Zeppelin-Staaken R.VI, tun da babu ko ɗaya daga cikin guda 18 da aka ƙera da ya rage a duniya cikakke.

A kan teburinsa na tarar da shi. Samfurin na roba ne, aikin kamfanin Roden na ƙasar Yukren, an rage girmansa sau 72, amma duk da haka faɗin fukafukansa ya kusa santimita 59, ya cinye teburin har sai da aka kawar da kwalaben fenti gefe. Na ainihin kuwa faɗinsa ya zarce mita 42, wato kusan daidai da B-29 na Amurka da ya zo a Yaƙin Duniya na Biyu, alhali shi da katako da ƙyalle da wayoyi aka yi fukafukansa. Dattijon ya nuna mini wayoyin da ke ɗaure fiffike na sama da na ƙasa, waɗanda ya kwaikwaya da zare siriri kamar gashi, kowanne an ratsa shi ta ƙaramin rami an ɗiga masa gam. A ganina nan ne darajar wannan aiki take, domin hoto ba ya nuna wa mutum yadda nauyi mai yawa haka ya dogara da abubuwa marasa kauri.

Sai dai kyan samfurin bai hana mu maganar abin da aka ƙera jirgin dominsa ba. Rundunar sojan saman Jamus da ake kira Rfa 501 ta riƙa tashi da waɗannan jirage daga kusa da birnin Ghent na Beljiyam, tana kai hari Ingila da dare daga watan Satumba na 1917 zuwa Mayu na 1918. A ƙarshen Janairun 1918 bam ya faɗa kan maɗaba'ar Odhams da ke Landan, inda jama'a suka fake a ɗakin ƙasa suna zaton sun tsira, mutum 38 suka mutu. A watan Fabrairu aka jefa bam mai nauyin kilo 1,000 a kan asibitin tsofaffin sojoji na Chelsea. Turawan Ingila ba su taɓa harbo ko ɗaya daga cikin ƙattin nan a sararin ƙasarsu ba. Jikina ya yi sanyi da na tuna cewa waɗanda suka mutu fararen hula ne.

Daga Berlin na hau jirgin ƙasa zuwa Krakow ta ƙasar Poland, inda gidan tarihin jiragen sama yake a wani tsohon filin jirgi. A can ake ajiye da rumbun inji guda na R.VI. Jirgin yana da injuna huɗu, biyu-biyu a kowane rumbu, ɗaya yana jan farfela ta gaba, ɗaya yana tura ta baya, kuma a tsakaninsu akwai wurin da bakanike yake zama yana kula da su har ya yi gyara jirgi na cikin tafiya. A samfurin dattijon wurin nan bai fi ƙwayar wake ba, amma da na tsaya gaban na gaskiya sai na ga ƙuncin da mutum yake shafe sa'o'i a ciki, ga ƙara, ga tsananin sanyi, ga duhu.

Tsofaffin jiragen Jamus da ke wannan gida daga wani gidan tarihi na Berlin suka fito. An kwashe su zuwa gabas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don kada bama-baman da ake zuba wa birnin su hallaka su, da yaƙi ya ƙare kuma suka zama a hannun Poland.