Wasiƙa daga Holan: ga amsarku kan maganar keke

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa lafiya, ya iyali ya kasuwa. Mu nan alhamdulillah sai sanyi. Gaisuwar ta tsaya haka don tun da na sa hoton nan nawa a kan keke ban huta ba a WhatsApp, wannan ya ce wai duk wahalar biza da aka sha keke ka je ka samu, wancan ya ce yaushe za a sayi motar, wasu kuma ba ruwansu da zolaya saƙo kawai suke bayarwa, in za ka dawo ka taho mana da taya, ka taho da fitila, ƙanena ma har da irin rigar nan ta 'yan tsere yake so. To bari in haɗa ku in amsa gaba ɗaya, maganar kayan gyara da sutura da keken lantarki da yadda suke koya wa yaransu hawa titi, kowa ya tsinci nasa.

Masu zolaya tukuna. A ƙasar nan kekuna sun fi mutane yawa, mutane wajen miliyan 18 ne kekuna kuwa sun haura miliyan 20. Mark Rutte da ya yi musu firaminista daga 2010 zuwa 2024 sau nawa ake ɗaukarsa hoto a keke zai je ofis. Garin da nake karatu, Wageningen, ko tashar jirgin ƙasa babu sai ka tuƙa zuwa ta Ede-Wageningen, a birnin Utrecht kuwa jikin tashar akwai wurin ajiye keke 12,500 hawa uku. Don haka ba wanda yake kallonka, mai digiri uku da mai shara duk feda suke takawa.

Keken nawa na hannu ne, irin wanda suke ce wa keken kaka, baƙi mai nauyi, ba shi da sandar tsakiya, birkinsa ma a feda yake, baya kake takawa ya tsaya. In kuka gan shi a jingine za ku ce Rali ne ko Fonis irin na iyayenmu, zubin ɗaya ne, sirdi mai sifirin da kariya a baya da madigadi. Shi kansa kamfanin Raleigh ɗin ma tun 2012 wani kamfanin nan Holan mai suna Accell ya saye shi, su ne kuma masu kamfanin keke na Batavus. Rashin sandar nan da za ku ce ai keken mata ne, ranar Juma'a nake sanin amfaninta, da doguwar rigata nake hawa ba sai na tattare ta har cinya ba, kuma suna sa wata garkuwa ta roba a gefen tayar baya don kar gefen riga ya shiga sufok.

Yanzu masu saƙon taya, don Allah ku saurara da kyau. Kar wanda ya sake ce min “taya mai lamba 28” ya yi shiru, 28 ɗin iri biyu ce kuma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Ku duba gefen tayar za ku ga wasu lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, misali 40-635 ko 37-622. Ta farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu kuma girman rim ɗin. Tsofaffin kekunanmu masu birkin ƙarfe, waɗanda aka rubuta 28 x 1 1/2 a jikinsu, 635 ne. Yawancin kekunan zamani da suka cika shagunan nan 622 ne. Bambancin milimita 13 kacal amma ko za ka tara majiya ƙarfin unguwa ba za ta shiga ba, sai dai a karya rim ko a yaga bakin tayar. Kekunan gwanjo masu giya da samari suke hawa yanzu kuwa da yawansu 26 ne, lambarsu 559. Bawul ma iri uku ne, akwai irin namu na da mai 'yar roba a ciki wanda har yanzu shi ne a kekunan kaka na nan, akwai siriri na 'yan tsere, akwai mai kauri irin na mota da babur, in ramin rim ɗinka na siririn ne mai kaurin ba zai shiga ba, famfo ma sai mai kan da ya dace.

Abun da ya sa nake ɗaukar maganar taya da zafi shi ne a nan babu mai faci a gindin bishiya. Wallahi ku riƙe masu facinku da daraja. A gida tayarka ta sace ka tura keke taku kaɗan ka samu bawan Allah da kwanon ruwansa da gam ɗinsa, kuna hira ya gama, ya miƙar maka da rim ya ɗaure birki a kyauta. A nan shago ne mai kanta da kwamfuta, wani lokacin sai a ce ka bar shi ka dawo jibi, kuma da yawa ba sa ɓata lokaci wajen faci, tif ɗin za su cire su sa sabo, kuɗin tif ɗin ba komai ba ne, kuɗin hannu shi ne masifar. In tayar baya ce kuwa ka shiga uku don cen ɗin a rufe yake ruf cikin akwati, kafin a fito da ƙafar sai an kwance akwatin an kwance birki an kwance wayar giya, kuma duk minti a lissafe yake. Ɗalibi in ya yi haka sau biyu ya kusa biyan kuɗin keken da kansa. Shi ya sa kowa ke koyon faci a ɗakinsa, kuma shi ya sa abu na farko da na canza a keken nan taya ce, na sa irin mai hana huji, Schwalbe Marathon Plus, tana da wata shuɗiyar roba mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin gammon, kwalba da ƙananan ƙusoshi ba sa kaiwa ga tif. Tana da nauyi kuma tana da tsada, guda ɗaya ta ninka ta banza sau biyu ko uku, sa ta a rim ma sai ka yi gumi. Amma duk sanda na taka fasasshiyar kwalba na wuce sai in tuna da Kawu da hanyar gonarsa da tsidau ya cika, in da abun da ya cancanci a ɗauko daga nan a kai gida to wannan ne, ba madubi biyu da ƙararrawa mai kiɗa ba.

Sai kwaɗo. Ƙasar da za ka manta wayarka a jirgi a dawo maka da ita, amma keke? Ka juya baya ya tafi. Kowa kulle biyu yake yi, ɗaya a manne da keken yana kama tayar baya, makullin ma ba ya fita sai ka kulle, ɗaya kuma sarƙa mai kauri da za ka ɗaure jikin keken da ƙarfe a ƙasa, jikin fa ba tayar gaba ba, in ka ɗaure taya za ka dawo ka tarar da tayarka tana jiranka ita kaɗai. Ba abun mamaki ba ne sarƙar ta kai rabin kuɗin keken. Masu sabon keke suna yin inshora, nan kuma takardu suke farawa, sai kwaɗonka yana da tambarin ART, wato shaidar ingancin kwaɗo, mai taurari biyu ko sama, sai ka ajiye rasit, sai ka rubuta lambar da aka buga a jikin ƙarfen keken, in an sace sai ka kai rahoto ga 'yan sanda ta intanet, sannan 'yan inshora su ce kawo makullai biyun da kwaɗon ya zo da su duka don su tabbatar ba a jiki ka bar shi ba, in ɗaya ya ɓata to ka yi haƙuri. In kuma za ka sayi na hannu a Marktplaats, kasuwarsu ta intanet, sai ka fara sa lambar a shafin 'yan sanda na Stop Heling ka ga ko an yi cigiyarsa, don sayen kayan sata laifi ne a kanka kai mai saye, wanda ya tare ka da daddare ya ce ga keke yuro 20 ka bar shi ya wuce. Ko ajiyewa ka yi inda bai dace ba a bakin tasha ma'aikatan gari za su yanke sarƙar su kwashe shi zuwa ma'ajiyarsu, ka je da makulli da katin shaida ka biya ka karɓa, sarƙar kuma ta tafi kenan.

Fitila doka ce, fara ko rawaya a gaba, ja a baya, kuma a watan Disamba rana ba ta fitowa sai tara saura, huɗu da rabi ta faɗi, kenan da duhu za ka fita da duhu za ka dawo. 'Yan sanda sukan laɓe a kan hanyar ɗalibai da yamma, tarar da za su rubuta maka ta sayi fitilun shagunan Action ko HEMA masu yawa. Riƙe waya a hannu kana tuƙi ma tun Yulin 2019 tara ce, ta ma fi ta fitilar. Dainamon nan namu mai gogar taya yana kuka sun kusa daina shi, yanzu a cikin cibiyar tayar gaba yake, ba ƙara ba nauyi. Wannan kam ba sai an jira ni ba, 'yar jar fitila mai caji akwai ta a kasuwanninmu, mai keken da ke dawowa daga kasuwa bayan isha'i tsakanin Adaidaita Sahu da tifa ba wanda yake ganinsa.

To sutura, nan ne zan daɗe don nan ne raina yake. Ku da kuke cewa hunturu sanyi, Allah ya ba ku haƙuri. Sanyin nan ba shi kaɗai yake zuwa ba, da ruwa yake zuwa da iska, ƙasar shimfiɗe take ba abun da zai tare iskar daga teku, kana taka feda da dukkan ƙarfinka amma kamar mai jan guga a rijiya mai gaba ashirin, kuma abun haushi in ka juyo gida sai ka ga ita ma ta juyo. Ruwan ba irin namu ba ne da zai yi hadari ya zuba ya ɗauke a fito, yayyafi ne siriri da zai wuni yana shiga wuya yana shiga takalmi, ba wanda yake fakewa, ba lakcar da ake ɗagawa, malami zai shigo a jiƙe ya cire wandon ruwansa a gabanku ya rataye ya fara darasi. Kowa da manhajar Buienradar a wayarsa yana duba minti nawa ya rage ruwa ya tsagaita. Abun da ya fi komai ciwo yatsu ne, ba ƙirji ba, minti goma a kan keke ba safar hannu sai ka kasa buɗe kwaɗonka, ka tsaya kana hura hannu makulli yana faɗuwa, in ka shiga ɗaki suka fara ɗumi kuma zafin da suke yi har hawaye. Safar ulu ba ta aiki don iska tana ratsa ta, sai mai fata ko roba a waje. Sai hular da ta rufe kunne, sai rigar ruwa da wandonta, wandon shi ne wanda sabon zuwa yake rainawa kuma shi ne mai amfanin, cinya ita ruwa yake fara duka. Mai arha tana tare ruwan sama amma ba ta barin gumi ya fita, ka isa a jiƙe ta ciki, mai tsada tana numfashi amma kuɗinta sai ka yi shawara da gida. Dabarar da suka koya mana ita ce kar ka sa ƙatuwar riga ɗaya, ka sa sirara uku, in ka ji zafi ka rage. Sirdi ma leda ake rufa masa in an ajiye, in ba haka ba ka wuni da jiƙaƙƙen wando a aji. Ga gishirin da suke watsawa a hanya don kar ƙanƙara ta kama, yana cin cen yana cin birki, in sanyi ya wuce duk abun da ba a rufe yake ba ya yi ja da tsatsa. Mu a gida ƙura ce maƙiyiyar, kuma baƙin man nan na injin da ake kwarara wa cen shi yake kama ta ya zama kamar yashi yana cinye haƙora, gara a goge da tsumma a ɗiga mai kaɗan a sake gogewa.

Ƙanena mai son rigar 'yan tsere, su kansu mutanen nan ba da ita suke zuwa aiki ba, da kwat da siket da takalmin ofis suke hawa, hular kwano ma ba dole ba ce kuma ba kasafai za ka gan ta ba a cikin gari. Matsattsun kayan nan na masu fita ranar Lahadi ne su yi kilomita 80 ko 100, wandon yana da soso a ciki saboda sirdinsu siriri ne mai tauri, kuma ba a sa komai a ƙarƙashinsa. Kai da za ka je Islamiyya ka dawo, ka bi ta ƙofar gida Baba yana zaune da abokansa a haka? Hular kwanon dai zan kawo maka don titinmu ba nasu ba ne, su sun ware wa keke hanyarsa ja daban.

Keken lantarki a taƙaice, injin yana taimaka maka har gudun kilomita 25 a awa ya saki, tsofaffi sun fi kowa sonsa, amma batirinsa ya wuce girman da ake bari a shiga da shi jirgin sama, don haka ku cire rai da ni a nan. Maganar yara kuma suna yin jarrabawar hanya tun a firamare, wannan sai wani karon.

Jakata kilo 23 ce kuma Hajiya ta riga ta kama rabi. Mai son taya ya ɗauki hoton gefen tasa inda lambar take da hoton bawul ya turo kafin ƙarshen wata, wanda ya turo min hoton keken daga nesa ba zan amsa ba. A gaida mutanen gida duka.

Naku, daga Wageningen