Abin da takardun biyan kuɗin gyambo suka koya mini a Amurka

Aikina a wani ƙaramin asibitin kula da gyambo a Amurka shi ne shirya takardun neman biyan kuɗi daga Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65. Yawancin masu zuwa wurinmu tsofaffi ne masu gyambon ciwon suga a ƙafa ko gyambon doguwar kwanciya, saboda haka duk sauyin da hukumar Medicare ta yi wa farashinta a teburina yake fara sauka kafin ya isa ɗakin wankin ciwo. Da na kama aikin na ɗauka likita ne ke yanke abin da za a sa wa ciwo, lissafi kuma ya biyo baya, amma a hankali na gane cewa sau da yawa lissafin ne ke jan likitan.

Babu inda na ga wannan ƙarara kamar a fatar aro da ake shimfiɗa wa gyambon da ya ƙi warkewa, wadda akasari daga tantanin mabiyiya ake yin ta. A tsohon tsari, Medicare na biyan matsakaicin farashin da kamfani ya sayar da ita tare da ƙarin kashi 6 cikin ɗari, wato gwargwadon tsadar fatar, gwargwadon abin da mai shimfiɗa ta zai samu. Kuɗin da aka kashe a kanta ya tashi daga dala miliyan 252 a 2019 zuwa sama da dala biliyan 10 a 2024, alhali gyambon bai ninku haka ba. A jihar Arizona ma an gurfanar da wasu mata da miji waɗanda suka amsa laifin damfarar dala biliyan 1.2, suna sa a manna wannan fata wa tsofaffi, har da waɗanda ke jinyar ajali. Ni kaina na sha cike takardar da jimillarta ta sa na sake duba ko na ƙara sifili bisa kuskure, kuma ina jin kunyar cewa na daɗe ban tambayi kowa dalili ba, tunda ana biya.

Daga 1 ga Janairun 2026 hukumar ta tsayar da farashi ɗaya, kusan dala 127 kan kowane murabba'in santimita, ta kuma yi hasashen ragin zai kai kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ake kashewa. A ganina gyaran ya zama dole, sai dai bai tantance mai gaskiya daga maƙaryaci ba. Masu bin marasa lafiya gida suna wanke musu ciwo, waɗanda ribar fatar ce ke biya musu man mota da albashin nas, su ne suka fi jin jiki, kuma tsohon da ba ya iya taka ƙafarsa shi ne mai buƙatarsu.

Abokan aikina da suka riga ni sun ce sun ga makamancin haka a 2013, lokacin da aka sa masu kawo na'urar zuƙe ruwan ciwo yin gasar farashi, kuɗin hayarta ya faɗi warwas, ƙananan 'yan kasuwa da dama suka bar harkar. Sukan kuma tuna Oktoban 2008, sa'ad da Medicare ta daina biyan asibiti ƙarin kuɗi kan gyambon kwanciya mai zurfi da majiyyaci ya samu a hannunsa. Wannan ragin alheri ya zama, domin tun daga nan aka tsananta duba fatar majiyyaci ranar kwantar da shi da juya shi a kan kari.

A asibitinmu yanzu an koma ba da ƙarfi ga kankare mataccen nama, ɗauke nauyi daga ƙafa da takalmi na musamman, da sa ido kan sukarin jini, ayyukan da ba su taɓa kawo kuɗi mai yawa ba. Ni kuma kafin in aika takardar fatar aro sai na tabbatar an auna tsawo da faɗin gyambon mako bayan mako, an kuma rubuta cewa an yi masa jinyar da aka saba har tsawon mako huɗu bai ja baya ba.