Tulun Naitrojin da Abin da Ke Tsakanin Bangonsa

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da ɗan kamfanin barbarar shanu ta zamani a wani ƙauye da ke yankin Ringim, ni da yarana uku. Maniyyin bijimai na ƙwarai yana iso mana a daskare cikin siraran bututun roba, kuma ba ya rayuwa sai a nutse cikin ruwan naitrojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Daga birnin Kano muke ɗauko ruwan. Makiyaya suna ɗauka maniyyin ne jarina, amma tulun da yake ciki ya fi hana ni barci, musamman a zafin bazara.

Tulun nan bango biyu gare shi kamar filas ɗin shayi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu domin kada zafi ya sami hanyar shiga. Sai dai ƙarfe ba ya daina fitar da 'yar iska, saboda haka masu ƙera shi sukan manna gawayi ko wani sinadari mai ƙofofi a jikin bangon ciki, wanda da zarar ya ji sanyi yake cafke duk ɓurɓushin iskar da ya taɓa shi. James Dewar, ɗan ƙasar Sikotland da ya ƙirƙiro irin wannan tulu a 1892, shi ne kuma daga baya ya nuna cewa gawayin ɓawon kwakwa mai sanyi yana wannan aiki. Wato sanyin da kansa famfon zuƙe iska ne.

Wannan dabarar ce ake aiki da ita a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda aka shimfiɗa bututu mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayoyin furoton, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra, suna zagayawa a cikinsa fiye da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk ƙwayar iskar da ta tare musu hanya sai ta watsa su. Ruwan hiliyom yana sanyaya maganaɗisun da ke riƙe ƙwayoyin a kan hanyarsu zuwa kusan digiri 271 ƙasa da sifiri, kuma a wannan sanyi kowace iska, in ban da hiliyom, manne wa bangon bututun take yi kamar raɓa, har abin da ya rage bai fi iskar da ke doron wata ba. Ina ganin girman aikinsu ƙwarai, domin na san wahalar tsare tulu ɗaya.

Abin da na koya wa yarana kaɗan ne. Duk ranar Asabar ana tsoma sandar awo, a duba inda ƙanƙara ta tsaya, a rubuta. Ba a ajiye tulu a kan siminti sai a kan katako, ba a toshe bakinsa gam, ba a kuma rufe ɗaki da shi, domin lita ɗaya ta ruwan tana zama iska wajen lita 700, ta kori wadda muke shaƙa.

Bara wani tulu ya faɗo daga babur a hanyar ruga. Washegari da asuba na ga raɓa ta lulluɓe wuyansa, na san iska ta shiga tsakanin bangon. Kafin rana ta ɗaga mun kwashe bututun da ke ciki zuwa tulu na biyu, shi kuwa kafin dare ya ƙafe ƙaf.