Inda kuskuren Ingilishi yake fitowa a ajina na Tawa

Shekara takwas ke nan ina riƙe da ƴar cibiyar koyar da Ingilishi a Tawa, cikin Nijar, ɗaki biyu da allo da benci, ni da malami guda da nake biya a ƙarshen wata. Da la'asar ɗalibai masu shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji da BAC ta shiga jami'a ne suke zuwa, bayan sallar isha'i kuma sai ƴan kasuwa masu bin hanyar Konni zuwa Illela da Sakkwato, da masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji. Da gangan nake cewa Ingilishi, domin a nan idan mutum ya ce Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, masu tambayar kuɗin wata sun ƙaru, ko da yake ba duk mai tambaya ne yake dawowa ba.

Mafi yawan aikina gyara ne, saboda wanda ya yi boko ya fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, ya zo mini da kurakuran da suka riga suka zauna masa a baki. A farkon sana'ar jan alƙalami kawai na sani: in ja layi, in rubuta daidai a sama, mako na zagayowa kuskuren ya dawo inda yake. Sai daga baya na lura cewa kowane kuskure yana da gidan da ya fito, kuma galibi gidan Faransanci ne. Wani ɗan kasuwa mai sayo kayan waya ya taɓa nuna mini saƙon da zai tura wa dillalinsa a Guangzhou ta WhatsApp, ya rubuta "I am agree, send me the informations". Na ce masa, "Alhaji, wannan ai je suis d'accord ne ka sanya wa rigar Ingilishi." Ya yi dariya ya ce, "To Malam, tuɓe masa." Kalmar agree aikatau ce, ba ta neman am, kuma information ba ta ɗaukar jam'i, kamar advice da furniture.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Hausa take warware abin da Faransanci ya dagula. Ɗalibi zai ce "Fatima took his book" alhali littafin nata ne, domin a Faransanci son livre yana bin jinsin littafin, bai damu da mai shi ba. Da na rubuta littafinsa da littafinta a allo, na sa his da her a ƙarƙashinsu, magana ta ƙare, tunda Hausa ma mai abu take dubawa. Haka bambancin "I eat" da "I am eating", wanda je mange ya haɗe wuri guda: nakan ci da ina ci sun raba su tun kafin yaro ya shiga makaranta. Wasu iyaye ba sa son jin ana Hausa a ajin da suka biya kuɗi, amma ni ban ga dalilin zagayawa ta Faris ba alhali ga hanya a ƙofar gida.

Kuskure mafi taurin kai shi ne wanda harsunan biyu suka haɗu a kansa. "I have twenty years" yana da goyon bayan j'ai vingt ans da kuma ina da shekara ashirin, don haka kunnen ɗalibi ba ya jin wani aibu a ciki, sai an daɗe kafin "I am twenty" ta zauna. Ita kuwa ƴar s ta "he goes" da "she works" babu wata dabara da na samo mata. Muna maimaita ta da baki minti biyar a farkon kowane darasi, kuma har yanzu ita ce ta fi cinye mini jan alƙalami.