Sati shida da Python: inda na kai

Salam 'yan uwa masu koyo. Yau sati shida cif da na zauna a kan Python, na ce bari in rubuta inda na kai tunda har yanzu wasunmu na tambayar wane yaren rubuta manhajar kwamfuta za su fara da shi.

Ni fa kafin nan wata biyu na ɓata ina yawo, yau C gobe JavaScript, jibi wani ya ce min ai Java ce ake samun aiki da ita, kowanne in yi kwana huɗu in ajiye, kuma har yanzu wata biyun nan na ci min rai. Abin da ya zaunar da ni shi ne ba ni da laftof, waya ce kawai. Na sauke manhajar Pydroid 3 na ga Python na aiki a kanta ko babu data, shikenan. Ga rubutunta ba tarkace, layi ɗaya na print, wato umarnin nuna rubutu, ka ga sakamako, a C kuwa sai ka jera layukan share fage na include da main tukuna. Kuma ba sabuwa ba ce, tun 1991 Guido van Rossum ya fitar da ita, duk inda ka maƙale wani ya riga ka maƙalewa ya bar amsa a intanet.

Aikin da nake yi yanzu ɗan littafin bashi ne na shagon yayana, ka sa sunan mutum da abin da ya ɗauka ya tara maka. Ranar farko na sa 500 da 200 sai ya ba ni 500200! Wallahi kwana biyu ina dubawa, ashe duk abin da input, wato umarnin karɓar abin da mutum ya shigar, ya karɓa rubutu ne a wurinsa ba lamba ba, liƙa su kawai yake yi, sai ka sa shi cikin int, mai mayar da rubutu lamba, sannan ya yi lissafi. Don Allah ku riƙe wannan. Sai tazarar farkon layi, huɗu ake bari, a waya da ka kuskure ɗaya sai ya ba ka IndentationError, wato saƙon kuskuren tazara.

Wanda burinsa shafin intanet ne ya kama JavaScript abinsa, tana aiki a burauza kai tsaye. Amma ya zauna a kanta ko wata uku ne kafin ya leƙa wata.

Matsalata yanzu da na rufe manhajar komai ya goge. Satin nan in Allah ya yarda zan koyi ajiye bashin a fayil, wanda ya wuce wurin nan ya taimaka min.