Ni dai Bradford ta zame mini gida

Salam 'yan uwa. Duk wanda ya ji an ce a Ingila muke, tambayarsa ta farko ita ce ya Landan, ni kuwa tsakanina da Landan kusan mil 200 ne, sai in shekara ban leƙa ta ba kuma wallahi ba ta raina. Mu a arewacin ƙasar muke, yankin Yorkshire, garinmu Bradford. Da gangan na ce garinmu. Mu 'yan ci-rani zancenmu bai wuce biyu ba, ko dai ana ɗora hotuna ana kuri, ko ana kukan sanyi da haraji da kaɗaici, da wuya ka ji wani ya fito ya ce ni fa ina son garin da nake zaune, sai ka ce in ya faɗa ya ci amanar gida. To ni 'yar Kaduna ce, a Kakuri aka yanke min cibiya, can iyayena suke, kuma ina son Bradford har cikin raina, ɗaya bai ture ɗaya ba.

Da bizar masu kula da tsofaffi na zo, ni da maigidan da yara, Allah ya sa mun shigo kafin watan Maris na 2024 da aka hana masu irin wannan bizar tahowa da iyali. A tsakiyar hunturu muka sauka kuma ba zan ɓoye muku ba, an sha wuya. A watan Disamba rana sai bayan ƙarfe 8 take fitowa, kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk a manne, kina idar da wannan waccan ta shigo. Gidan da muka fara kamawa irin tsofaffin gidajen dutse ne masu jere, bango na tsattsafo da laima, fumfuna a bayan wadirof, hita kuma in kin kunna kuɗi ne ke ƙonewa in kin kashe yara na tari. Ga garin shi kansa a cikin kwari yake kamar ƙwarya, tsakiyar a ƙasa unguwanni a kan tudu, duk inda za ki sai kin hau ko kin gangara, ga iska ga yayyafi.

Abin da ya fara sanyaya min zuciya ƙaramin abu ne. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar asalin Pakistan da duk layin ke ce wa Anti, ita ta aiko jikanta da wata 'yar rediyo, ashe a nan da yake ba a cika kiran salla da lasifika a waje ba masallatai na watsa kiran ne kai tsaye zuwa irin waɗannan rediyoyin a cikin gidaje. Ranar da na ji kiran asuba daga kicin ɗina sai da na yi hawaye. Ita ɗin ce dai ta ja ni shagunan mutanensu, can na ga kuɓewa ɗanya shar, ga tsamiya, ga riɗi, citta, kanumfari, dabino, naman halal ko'ina ba sai kin yi ta tambaya ba, uwa-uba garin gero, don su ma suna yin gurasarsu da shi. A daren na jiƙa tsamiya na tace, na kwaɓa garin da citta da kanumfari da ɗan barkono, ruwan tsamiyar na tafasa na sheƙa a kai ina juyawa har ya yi kauri ya ɗauki sheƙi, ƙamshin ya cika gidan tun daga kicin har sama, maigidan ya shigo daga aiki jaket ɗinsa a jiƙe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kai, yau a gida muke. Na zuba wa Anti a kofi na miƙa mata ta kan katanga, washegari kofin ya dawo da farfesun kaza a ciki, har yau kwano bai daina yawo tsakanin gidajen nan biyu ba. Kuka da daddawa da yajin ƙuli ne kawai sai an taho mana da su daga gida.

Su Anti ma fa baƙi ne a da. Yawancinsu daga yankin Mirpur na Kashmir ta ɓangaren Pakistan iyayensu suka zo a shekarun 1950 da 1960 don aikin masaƙa, musamman aikin dare da 'yan gari ba sa so, wasu kuma ginin madatsar ruwa ta Mangla ne ya tashe su daga ƙauyukansu. Yanzu a ƙidayar 2021 kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen gundumar Bradford Musulmi ne, shi ya sa za ki sa hijabinki har ƙasa ki shiga bas ba mai waiwayen ki, azumi kuma garin gaba ɗaya ya san ana yi. Suna ba mu labarin lokacin da azumi ya faɗo tsakiyar bazara wajen 2015 da 2016, sun kai sama da awa 18 ba ci ba sha, mu mun zo a sa'a, yanzu ya gangaro wajen hunturu.

Akwai wani daɗi da ban taɓa zaton zan lissafa shi cikin ni'ima ba, ruwan famfo. Ruwan nan garin mai laushi ne, sabulu na kumfa da shi nan da nan, buta ba ta yin farin ƙasa-ƙasa a ciki irin na kudancin ƙasar, shayi kuma na fita da kalarsa. Wani ɓangare na ruwan daga madatsun kwarin Nidderdale yake gangarowa, tafiyar kusan mil 30. Taushin ruwan yankin ma na cikin abin da ya sa sana'ar ulu ta kafu a nan, don da shi ake wanke gashin tumaki. Idan na taso daga aikin dare, gari bai gama wayewa ba, yara sun tafi makaranta, in dafa shayi mai kauri da citta in zauna bakin taga in miƙe ƙafa, wallahi wannan rabin awar ba na haɗa ta da komai.

Amma abin da ya ɗaure ni da garin nan na gaske a wurin aiki na same shi. Da yawa cikin tsofaffin da muke kula da su 'yan masaƙa ne a da. Akwai wata kaka da ta haura 90, kunnenta ya yi nauyi amma in kina magana bakinki take kallo ta gane komai, ta ce a ɗakin saƙa suka koya, ƙarar injina ba ta barin a ji juna sai dai a karanta leɓe. Daga baya aka mayar da ita sashen duba yadi, bayan an saƙa ta shafa shi da tafin hannu ta gano ƙulli ko inda zare ya tsinke ta gyara da allura yadda ba mai ganewa. Har yanzu hannun bai manta ba, in na sunkuya ina gyara mata filo sai ta kama gefen hijabina ta murza tsakanin yatsu biyu, ta ce wannan auduga ce mai kyau, ko ta yatsine fuska ta ce wannan roba ce. Ni kuwa babana shekara da shekaru ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, shi ma kunnensa ɗaya ya yi nauyi, shi ma haka yake murza atamfa kafin ya saya wa Mama. Na tashi ina jin jiniyar canjin aiki, ina ganin ma'aikata a kan kekuna sun cika titi, kuma a kan idona aka rufe masaƙun ɗaya bayan ɗaya unguwar ta yi tsit. Masaƙar farko ta Kaduna, Kaduna Textiles Limited wato KTL, a 1957 aka buɗe ta zamanin Sardauna, kuma da haɗin gwiwar wani kamfanin saƙa na Lancashire ne, maƙwabciyar Yorkshire ɗin nan da nake zaune. Ashe tun kafin a haife ni akwai zare tsakanin wuraren biyu.

Rannan muna bidiyo kol da Baba na juya masa waya na nuna masa bututun hayaƙin Lister Mills da ke Manningham, tsayinsa ya kusa ƙafa 250, duk inda kike a garin kina hango shi, a da ita ce masaƙar siliki mafi girma a duniya. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce, Uwata, su ma tasu ta mutu kenan? Na ce ta mutu Baba, amma ba su bar ginin ya rushe ba, sun mayar da wani ɓangaren gidajen zama. Ya ce to Allah ya sa mu ma a tuna da namu. Maganar nan ta tsaya min, don gaskiya abin da ya fi burge ni da mutanen nan kenan, ba sa jin kunyar cewa kakanninsu leburori ne, alfahari ma suke yi.

In kuna son ganin haka ku je Saltaire. Daga tashar Forster Square 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa. Wani attajiri Titus Salt ne ya buɗe masaƙa a bakin kogin Aire a 1853, ya fitar da ma'aikatansa daga hayaƙin cikin gari ya gina musu gidaje da makaranta da asibiti da wurin shaƙatawa, bai kuma yarda an buɗe gidan giya a ƙauyen ba. An daina saƙa a 1986, yanzu ginin ya koma shaguna da wurin cin abinci da zauren zane-zanen David Hockney wanda ɗan Bradford ne, a 2001 kuma UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya. Shiga kyauta ne. Mu dai abin da ya fi kai mu shi ne hanyar ruwan da ta ratsa gefen masaƙar, wadda aka haƙa da hannu daga Leeds har Liverpool, mil 127. Mukan bi gefenta a ƙafa wajen mil 3 zuwa Bingley, yara na gaba suna ƙirga agwagi, can ne jirgin ruwa ke hawa tudu. Na san za ku ce ƙarya ne. Ɗakunan ruwa ne guda 5 a jere, kowanne ya ɗara na ƙasansa, jirgi zai shiga na farko a rufe ƙatuwar ƙofar katako a bayansa, a murza wani ƙarfe ruwan ɗakin sama ya kwararo da ƙugi, kina tsaye kina kallo jirgin na tasowa a hankali har ya yi daidai da ɗaki na biyu, a buɗe ya shige, haka har sau biyar sai ga shi ya hau kusan mita 18. Tun 1774 ake wannan abin ba inji ba lantarki. Mai kula da wurin ya bar ɗana ya sa bayansa ya tura sandar ƙofar tare da shi, yaron nan sati guda ya yi yana ba kowa labari.

Sai bazara, Allah sarki, duk wahalar hunturu a nan ake biyan ki. A watan Yuni har kusan 10 saura na dare da sauran rana, mu ɗauki tabarma da filas da cincin mu tafi Lister Park, mata a zazzaune gungu-gungu, samari na buga kurket, yara na zagaye ruwan lambun Mughal. A watan Agusta kuma jirgin rabin awa zuwa Ilkley, mu hau tsaunin har wurin duwatsun Cow and Calf, lokacin wata gajeriyar ciyawa ta yi fure tudun gaba ɗaya ya koma shuɗi-shuɗi mai ja, tumaki na kiwo ba makiyayi, katangun dutse da aka jera ba siminti sun raba gonaki har iya ganinki. A can duk wanda kuka haɗu a hanya sai ya gaishe ki, tsoho da sandarsa da karensa zai tsaya ya tambaye ki daga ina, ya nuna miki hanyar da ba taɓo. In mun sauko mu sayi soyayyen kifi da dankali mu ci da zafinsa, sai dai a tambaya tukuna, don a al'adar Yorkshire da kitsen shanu ake suyar, mu masu man gyaɗa ko na ganye muke nema.

Ba wai garin ba shi da aibu ba ne. Akwai talauci sosai, akwai layukan da shara ke damun su, samari na gudun banza da mota cikin dare, kuma su kansu Turawan wasu garuruwan in kin ce Bradford sai sun ɗan taɓe baki, duk da ita aka ba kambun birnin al'adu na Birtaniya na shekarar 2025. Na taɓa haɗuwa da wanda ya gaya min maganar banza a tashar bas saboda fatata. Kuma akwai abin da ba mai maye min gurbinsa, ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka a Kaduna, hayaniyar gidan biki, in zauna kusa da Mama tana tsinke zogale muna hira, rasuwa a yi ta a dangi kina nan sai dai waya. Waɗannan suna nan suna ciwo kuma na bar su su yi. Yarana kuwa Turancinsu ya koma irin na 'yan garin har ni sai na kasa kunne, shi ya sa a cikin gida Hausa ce dole, ranar Asabar da Lahadi kuma islamiyya.

Yanzu abin da na sa a gaba lambu ne. Ƙaramar hukuma na ba da hayar ƙananan filaye na noma, kuɗin shekara ba yawa sai dai layi ne mai tsawo, na sa sunana ina jira. Kafin nan wani dattijo ɗan Bangladesh ya yanka min gefe a nasa, bana na shuka alayyafo da albasa da tumatir a rumfar leda, alayyafon ya yi kyau sosai har na raba wa 'yan uwa Hausawa da ke Leeds, yakuwa ce dai ta ƙi, zafin bai ishe ta ba. Ya ce baɗi in fara rainon ta a cikin gida bakin taga tun watan Maris, sai sanyi ya wuce in fitar da ita rumfar, haka zan yi in sha Allah.