Godiya ga waɗanda suka tsaya wa iyalan maigidana

Assalamu alaikum 'yan uwa na Bronx da Harlem. Ranar Asabar maigidana ya cika shekara da rasuwa, ɗan Koriyar nan mai shagon wanki da guga a Queens inda nake aiki. Uwargidansa ta ce in miƙa muku godiyarta da harshenmu.

Kun san abin da ya fi tayar mana da hankali, wato yaron, ɗan marigayin. Shekararsa 16, a New York aka haife shi, Koriyancinsa bai wuce na cikin gida ba. A al'adarsu babban ɗa ke tsayawa karɓar gaisuwar mutuwa. Na gan shi wurin makokin a unguwar Flushing cikin baƙar kwat, tsofaffi suna ajiye farin fure gaban hoton babansa, suna yi masa ta'aziyya da harshen girmamawa, shi kuwa sai sunkuyar da kai, ya rasa amsa. Daga nan ya daina cin abinci, ya daina zuwa makaranta. Wani dare muna ninke riguna ya ce mini, "Kawu, a makaranta ɗan Sin suke kirana, dangin Baba a Busan kuma Ba'amurke. Wanda zai gaya mini ko ni wane ne ya tafi." Wallahi na tuna 'ya'yanmu da ke jin Hausa amma su amsa da Turanci.

Na gode wa samarin da suka riƙa karɓar aikin dare bayan sun ajiye tasi, har shagon bai rufe ba. Na gode wa iyayenmu mata da suka yi ta aiko da waake da miya, su Hajiya ba su taɓa tambayar addinin gidan ba. Malamar ba da shawara ta makarantarsu ta haɗa yaron da likitan ƙwaƙwalwa mai jin Koriyanci, wannan taimako ba ƙarami ba ne. Sai ɗana, da ya nace har ya fito da shi filin ƙwallo.

Yanzu ya koma aji, yana kuma zuwa makarantar Koriyanci ta ƙarshen mako. Ranar Asabar shi ya jera shinkafa da miya da 'ya'yan itace a teburin tunawa, ya yi wa baƙi godiya da harshen babansa, yana gargada, amma bai tsaya ba.

Har yanzu akwai ranakun da ba ya magana, don haka kada ku janye ƙafa daga gidan. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba su haƙuri, Ya shirya mana zuri'a.